DAMBE DA DARAJAR ƊAN ADAM

Mutane da yawa in an ambaci dambe, abin da ke zuwa musu a rai shi ne ƙarti biyu suna ta naushin juna har ɗaya ya faɗi, makaɗa na kiɗa, jama'a na sowa. Wasu iyaye ma ba su so a ambaci wasan a gidajensu, suna cewa aikin marasa sana'a ne. To, lalle akwai naushi a dambe, akwai jini, wani lokaci har da hasarar rai. Amma duk wanda ya zauna ya karanta tarihin wasan zai tarar da wani abu wanda ya wuce ƙarfin damtse. Zai ga cewa kusan ko'ina a duniya mutanen da aka raina su ne suka cika fagen dambe, kuma sau da yawa a wannan fage ne suka fara nuna wa masu raina su cewa rainin nan ba shi da tushe. A cikin wannan maƙala ina so mu dubi wannan al'amari tare. Za mu fi daɗewa a ƙasar Amurka, inda launin fata ya shiga cikin dambe dumu-dumu, sa'an nan mu komo gida mu dubi namu.

Bambancin dambe da faɗa

Da farko ya kamata mu raba dambe da faɗa, domin mutane sukan haɗa su. Faɗa fushi ne ke kawo shi, ba shi da doka, ba shi da lokacin tashi, kuma mai neman faɗa yakan zaɓi wanda bai kai shi ƙarfi ba. Dambe kuwa yarda ce tsakanin mutum biyu, a gaban jama'a, bisa ƙa'idojin da kowa ya sani.

Damben Turawa, wanda ake kira boksin, dokokinsa na yanzu sun samo asali ne daga Ingila, inda aka buga su a shekarar 1867 da sunan wani basarake da ake kira Queensberry. Su ne suka wajabta sa safar hannu, suka yanke cewa kowane turmi minti 3 ne, a huta minti 1, wanda aka kayar kuma a ƙirga masa 10, in bai tashi ba an cinye shi. Daga baya aka kasa 'yan dambe aji-aji bisa ga nauyinsu, watau sai an ɗora kowa a kan sikeli kafin a haɗa shi da abokin karawarsa. Ba a dukan mutum ƙasa da ƙugu, ba a kuma dukansa in ya faɗi.

Namu na gargajiya shi ma yana da nasa tsari. Ɗan dambe yakan ɗaure hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne na bugu, ya miƙa ɗayan gaba yana karewa yana kuma auna tazara. Turmi uku akan yi. Da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi, wasa ya ƙare ke nan, ba mai ƙara masa ko da tsinke. Ku lura da kalmar nan ta kisa. Hausawa sun kira faɗuwar kisa, alhali kuwa mamacin yakan tashi ya kakkaɓe ƙura ya tafi gida da ƙafafunsa, gobe ma ya dawo fage.

Abin da ya haɗa damben biyu shi ne, da an shiga fage, doka ɗaya ce ke kan kowa. Sikeli ba ya tambayar mutum ɗan wane ne, naushi kuma ba ya duban launin fata. Ba a aika bara ya karɓi bugu a madadin ubangidansa. Wannan daidaito shi ne ya sa dambe ya zama abin tsoro ga duk wanda ya gina girmansa a kan cewa an haife shi sama da wasu.

Su wa ke shiga fage?

Ba safai akan ga ɗan attajiri ya mai da dambe sana'a ba. Wanda ke da wata hanyar cin abinci ba ya miƙa fuskarsa a yi ta duka. A Amurka, in ka bi jerin zakarun dambe tun daga shekarun 1880, kamar kana karanta jerin mutanen da ke can ƙasa a zaman jama'a ne a kowane zamani. Da farko 'ya'yan baƙin da suka zo daga Ailan ne suka cika fagen, sa'an nan Yahudawa da 'yan asalin Italiya, sa'an nan baƙar fata da mutanen da suka fito daga Meziko da maƙwabtanta. Duk ƙabilar da aka buɗe wa ƙofofin makaranta da ofis da kasuwa, sai ka ga 'ya'yanta sun ragu a fagen dambe.

Baƙar fata su ne aka fi daɗewa ana rufe musu waɗannan ƙofofi. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma a jihohin kudu sai aka kafa dokokin wariya: makaranta dabam, asibiti dabam, wurin zama a jirgin ƙasa dabam. Akwai ma wani mugun wasa da Turawa kan shirya, a tara yara baƙaƙe a fage ɗaya, wani lokaci a ɗaure musu idanu, su yi ta dukan juna, wanda ya saura a tsaye a watsa masa 'yan kuɗi. Amma kambun duniya na ajin masu nauyi, wanda shi ne mafi daraja, an tsare shi. Zakaran farko na wannan aji, John L. Sullivan, ya ƙi yarda ya kara da baƙar fata, waɗanda suka biyo shi kuma suka bi sawunsa. Dalilin a fili yake. In ana koya wa yara cewa Bature ya fi baƙin mutum a kowane abu, to, ba a so a gwada maganar a gaban jama'a.

Jack Johnson

Wanda ya fasa wannan katanga shi ne Jack Johnson. An haife shi a 1878 a garin Galveston na jihar Texas, iyayensa kuwa 'yantattun bayi ne. Ya yi ta bin zakaran lokacin, Tommy Burns ɗan Kanada, daga ƙasa zuwa ƙasa yana neman a ba shi dama, har Burns ya yarda bayan an yi masa alkawarin dala 30,000. Shi Johnson dala 5,000 aka ba shi. Suka kara a birnin Sidni na Ostireliya ran 26 ga Disamba 1908. Johnson ya yi ta bugunsa har 'yan sanda suka tsai da wasan a turmi na 14. Baƙin mutum ya zama zakaran duniya.

Abin ya yi wa Turawan Amurka zafi ƙwarai. Jaridu suka shiga neman Baturen da zai ƙwato kambun, har aka lallaso Jim Jeffries, tsohon zakara wanda ya yi ritaya ba a taɓa cinye shi ba. Ran 4 ga Yuli 1910, ranar bukin 'yancin ƙasar, aka yi karon battar ƙarfe a garin Reno. Johnson ya kayar da shi a turmi na 15. A daren nan tarzoma ta ɓarke a garuruwa da yawa, aka faɗa wa baƙaƙen da suka fito murna, aka kashe mutane, yawancinsu baƙar fata. Garuruwa da dama suka hana nuna fim ɗin wasan, a 1912 kuma majalisar dokokin ƙasar ta hana a riƙa kai fina-finan dambe daga jiha zuwa jiha. Ku duba fa, wasan mutum biyu ne ya jawo duk wannan. Ashe ba Jeffries kaɗai ne ya faɗi a ranar ba, har da ƙaryar da aka daɗe ana faɗa wa mutane.

Da aka kasa kayar da Johnson da hannu, sai aka bi ta kotu. Shi mutum ne mai son ado da motoci, ba ya sunkuyar da kai ga kowa, ya kuma auri Baturiya, abin da ya fi kome tunzura maƙiyansa. A 1913 aka same shi da laifi a ƙarƙashin wata doka, saboda ya yi tafiya da wata Baturiya daga wata jiha zuwa wata, kuma masu taya alƙali yanke hukunci duk Turawa ne. Ya gudu ya bar ƙasar, ya rasa kambunsa a Kuba a 1915, ya komo a 1920 ya yi zaman kurkuku. Ya mutu a haɗarin mota a 1946. Sai a 2018, shekara 72 bayan mutuwarsa, gwamnatin Amurka ta yafe masa wannan laifi.

Joe Louis

Bayan Johnson aka sake rufe ƙofa. Shekara 22 aka yi ba a bar wani baƙar fata ya nemi kambun masu nauyi ba, sai da Joe Louis ya zo. An haife shi a 1914 a jihar Alabama, iyayensa talakawa ne masu noma gonar wani a raba amfani. Masu kula da shi sun san abin da ya sami Johnson, saboda haka suka kafa masa dokoki: kada ya yi dariya ko alfahari a kan wanda ya kayar, kada a ɗauke shi hoto da Baturiya, ya zama mai kawaici a gaban 'yan jarida. Watau kafin a bar shi ya nuna ƙarfinsa, sai da ya nuna ba zai tayar wa kowa hankali ba.

A 1936 wani Bajamushe, Max Schmeling, ya kayar da shi a turmi na 12. A lokacin Hitila ne ke mulkin Jamus, yana koyar da cewa jinsinsu ya fi kowane jinsi, sai gwamnatinsa ta mai da wannan nasara hujja. Louis ya ci kambun duniya a 1937, sa'an nan ran 22 ga Yuni 1938 suka sake karawa da Schmeling a birnin New York, a gaban mutum wajen 70,000, miliyoyi kuma na saurare ta rediyo. Minti 2 da daƙiƙa 4 kacal aka yi, wasa ya ƙare. A ranar, Turawan Amurka da yawa sun yi wa baƙin mutum sowa, domin shi ne ke wakiltar ƙasarsu.

To, amma me ya biyo baya? Louis ya riƙe kambun daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ba da kuɗin wasanni biyu gudummawa ga asusun taimakon sojoji, ya kuma shiga soja a 1942. Rundunar da ya shiga kuwa a rabe take, baƙaƙe dabam Turawa dabam. Bayan yaƙi bashin haraji ya yi masa katutu har ya koma fage bayan ƙarfinsa ya ja baya, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya zama mai tarbar baƙi a wani gidan caca a Las Vegas. Ya mutu a 1981. Abin mamaki, Schmeling, wanda aka zana wa duniya shi kamar dodo, bai taɓa shiga jam'iyyar Hitila ba, ya ma ɓoye wasu yara biyu Yahudawa a 1938 lokacin da ake farautarsu. Daga baya shi da Louis suka zama aminai, har yakan taimaka masa da kuɗi. Mutanen da suka bugi juna sun ga darajar juna, 'yan kallo ne suka riƙe gaba.

Muhammad Ali

Na uku shi ne wanda kowa ya san sunansa, har a ƙauyukanmu. An haife shi a 1942 a garin Louisville da sunan Cassius Clay. Ya fara dambe yana da shekara 12, bayan an sace masa keke ya je ya kai ƙara wurin wani ɗan sanda mai koyar da dambe. A 1960 ya ciwo wa Amurka lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum, ya komo garinsu inda har a lokacin akwai gidajen abincin da ba a yarda baƙar fata ya zauna ya ci ba. A watan Fabrairu 1964 ya cinye Sonny Liston ya zama zakaran duniya yana da shekara 22. Nan da nan ya bayyana cewa ya musulunta, ya yar da sunan Clay, ya ce sunan bauta ne. A shekarar ce kuma ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar.

Babban karon Ali ba a fagen dambe aka yi shi ba. Ran 28 ga Afrilu 1967 aka kira shi aikin soja domin yaƙin da Amurka ke yi a Biyetnam, ya ƙi. Ya ce addininsa bai yarda ba, kuma ba shi da wata husuma da mutanen can, alhali a gida ne ake tauye wa 'yan'uwansa haƙƙi. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi lasin dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Bai shiga kurkuku ba domin ya ɗaukaka ƙara, amma shekara uku da rabi ya yi bai shiga fage ba, kuma su ne shekarun da ɗan dambe ke kan ganiyarsa. Da ya so, da ya sa kaki ya riƙa yi wa sojoji wasa kamar yadda Louis ya yi, ya tsira da kambunsa da dukiyarsa. A watan Yuni 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin.

Ran 30 ga Oktoba 1974, a birnin Kinshasa na ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, ya kara da George Foreman, wanda ya fi shi ƙuruciya da ƙarfin bugu, ba a kuma taɓa cinye shi ba. Ali ya jingina da igiya ya kare fuskarsa, ya bar Foreman ya yi ta bugu har ya gaji, sa'an nan ya kayar da shi a turmi na 8. Dabara da haƙuri suka rinjayi ƙarfi.

Sai dai kada mu mai da shi waliyyi. Babban abokin hamayyarsa, Joe Frazier, baƙar fata ne kamarsa, ɗan talakawa, ya kuma taimake shi lokacin da aka hana shi wasa. Amma Ali ya yi ta yi masa ba'a a gaban 'yan jarida, yana kiransa gwaggon biri da ɗan koren Turawa, irin zagin da masu wariya ke yi wa baƙin mutum. Frazier ya daɗe da wannan ciwo a zuciyarsa. Wannan ya nuna mana cewa wanda aka raina shi ma yana iya raina wani.

Afirka a fage

Mu ma a nan Afirka dambe ya yi mana irin wannan aiki a zamanin mulkin mallaka. A 1922 wani ɗan Senegal da ake kira Battling Siki ya kayar da gwanin Faransawa, Georges Carpentier, a birnin Faris, ya zama zakaran duniya, alhali ƙasarsa na ƙarƙashin Faransa. A 1957, shekara uku kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, Hogan Bassey mutumin Kalaba ya ci kambun duniya na wani aji na marasa nauyi, shi ma a Faris. Dick Tiger ya ci na matsakaita a 1962, ya kuma kare shi a Ibadan a watan Agusta 1963. Lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta taɓa samu ma ta dambe ce, tagullar da Nojim Maiyegun ya ciwo a Tokiyo a 1964. Ga mutanen da aka daɗe ana ce musu ba su isa su riƙe kansu ba, waɗannan nasarori sun fi ƙarfin wasa.

Kura da shan bugu

Duk da haka ba daidai ba ne a faɗi daɗin dambe a ɓoye ɗacinsa. Likitoci sun tabbatar cewa yawan bugu a ka yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mutum ya zo yana mantuwa, harshensa ya yi nauyi, tafiyarsa ta karkace. Ali kansa an same shi da cutar Parkinson, mai sa jiki karkarwa, a 1984. Duniya ta gan shi a 1996 hannunsa na rawa yana kunna wutar Olamfik a Atlanta, ya rasu a 2016. A 1982 wani ɗan Koriya ta Kudu, Duk Koo Kim, ya mutu 'yan kwanaki bayan an kayar da shi a turmi na 14, abin da ya sa aka rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Ga kuma maganar kuɗi. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu shirya wasa da dillalai da masu caca ba su zubar da jini ko ɗigo, amma sau da yawa su ne ke tsufa cikin wadata. A bayan kowane zakara guda akwai ɗaruruwan samari da suka sha bugu suka tashi a tutar babu, ba wanda ya san sunansu. Saboda haka in mun ga wata al'umma ta yi fice a dambe, kafin mu tafa sai mu tambaya, wace ƙofa aka rufe mata har 'ya'yanta suka bi ta wannan?

Laifi tudu ne

Yana da sauƙi mu zauna a nan mu yi ta la'antar Turawan Amurka. Amma masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su wane ne asalin 'yan dambe a ƙasar Hausa? Mahauta ne. Su ne da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, sukan bi gari-gari da makaɗansu na kalangu suna neman abokan karawa. Kuma kowa ya san matsayin da al'adarmu ta ba mahauci da makaɗi. Ana cin naman da ya fede, ana sauraron kiɗan da ya kaɗa, amma in ɗansa ya zo neman aure a wasu gidaje, sai a fara binciken asali.

Ku tuna da Shago. Har yau ana sauraron waƙar da Ɗan'anace ya yi masa, manya da yara, masu sarauta da 'yan boko, ana ba da labarin karonsa da Ɗandunawa kamar jiya aka yi. To, cikin masu jin daɗin waƙar nan, mutum nawa ne za su yarda su haɗa zuri'a da ɗan dambe ko da makaɗinsa? Ina neman afuwar iyayenmu da za su karanta wannan, ba rashin kunya nake nufi ba. Na san abin namu bai kai na Amurka ba, domin ba mu da dokar da ta raba mana makaranta ko asibiti, kuma mahauta da yawa sun yi arziki sun yi suna, ga sarautar Sarkin Fawa tun kaka da kakanni. Yau ma dambe ya fita daga hannun mahauta kaɗai, ana yin sa a manyan birane, ana cin babura da motoci. Amma tushen abin guda ne, watau a yi wa mutum hukunci da abin da aka haife shi a ciki, wanda bai zaɓa ba. Can launin fata, nan sana'ar gado. A yaba hannun mutum a fage, a ƙi shi a zaure.

Abin da ɗalibi zai ɗauka

Ba ina kiran kowa ya ajiye littafi ya ɗaura zare ba. Johnson da Louis hannu suka yi amfani da shi domin an hana su alƙalami, mu kuwa an ba mu. Amma akwai darussa da suka shafe mu kai tsaye.

Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Wasan da ake kallo na 'yan mintoci, watanni aka yi ana shirya masa da gudun asuba da tsallen igiya, lokacin da ba mai tafi. Ɗakin jarrabawa ma haka yake, in an kaɗa ƙararrawa kai kaɗai ne, malaminka yana waje.

Na biyu, jarumi sa'ansa yake nema. A dambe ba a haɗa mai nauyi da marar nauyi. Saboda haka babban ɗalibin da ke dukan ɗan aji ɗaya a ɗakin kwana, ko ya ƙwace masa abinci, ya sani ko a wurin 'yan dambe ba shi da suna sai matsoraci.

Na uku, faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba. An kayar da Louis a 1936 ya komo a 1938. Frazier ya cinye Ali a 1971, Ali ya komo ya sake zama zakara. Wanda ya faɗi jarrabawar bana yana da baɗi, in bai zauna a ƙasa ba.

Na huɗu shi ne mafi girma. Makarantar kwana kamar fage take. Tufafinmu iri ɗaya, kwanonmu ɗaya, takardar jarrabawa kuma ba ta tambayar sana'ar uban kowa. Ɗan hakimi da ɗan mahauci benci ɗaya suke zama, kuma mun sha ganin wanda ba a zata ba ya zo na ɗaya. Wannan shaida ce da muke gani da idonmu kowane zango, irin wadda mutanen Amurka suka gani a Reno suka ƙi karɓa. Nan da 'yan shekaru mu ne za mu riƙe ofisoshi, mu ne za mu ɗauki ma'aikata, mu ne za a zo neman auren 'ya'yanmu. A ranar ne za a san ko mun fita da adalcin fage zuwa cikin gari, ko kuwa mun bar shi a bakin ƙofar makaranta.

Allah Ya ba mu ikon ganin darajar kowane ɗan Adam, amin.